A Ɗauki Maraya, a Bar Gwauruwa?

Tun farkon shekarun 2000 wata fahimta ta bazu cikin majami'un Amurka, wadda ke cewa tun da Allah ya karɓi masu bi a matsayin 'ya'yansa, to wajibi ne gidan Kirista ya ɗauko maraya daga ƙasar matalauta ya mayar da shi ɗansa. A shekara ta 2004 kaɗai yara kusan 23,000 aka shigar Amurka ta wannan hanya. Ba a zargin niyyar yawancin waɗannan iyalai. Abin zargi shi ne kalmar da aka gina al'amarin a kanta, wato maraya.

A ƙidayar UNICEF ta 2015 marayun duniya sun kai miliyan 140, amma waɗanda suka rasa uwa da uba duka ba su wuce miliyan 15 da 'yan kai ba. Saura kuwa suna da mahaifi ɗaya a raye, akasari uwa. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji a Korgom ko Kanan Bakashe ya san wannan ba sai an karanta masa alƙaluma ba. Idan uba ya rasu a ƙasar Tasawa ko Mayahi, da wuya a watse daga zaman makoki ba a san hannun da yaro zai koma ba: baffa, ko kawu, ko gwaggo, ko kaka. Wannan shi ne riƙo. Ɗan riƙo yana amsa sunan ubansa, gādonsa na gona yana nan, ranar aurensa dangin uba da na uwa ne za su zauna. Riƙo yana da nasa aibi, domin akwai 'yar riƙon da ke kwana kan turmi tana tashi kan talla, 'ya'yan gida suna makaranta. To amma maganin mugun marīƙi shi ne dangi da mai gari su tsawata masa, ba a sa yaro cikin jirgi ba.

Nijar ba ta cikin ƙasashen da aka fi kwasar yaransu, sai dai abin da ke buɗe wa masu kwasa ƙofa yana nan jibge. A yunwar 2005 uwaye daga ƙauyukan Mayahi da Tasawa sun yi ta tururuwa zuwa cibiyoyin jinyar tamowa, hotunan 'ya'yansu suka zaga duniya. Shekara biyu bayan haka, a Oktoban 2007, aka kama 'yan ƙungiyar Arche de Zoé ta Faransa a Abece, cikin Cadi, suna shirin ficewa da yara 103 da suka ce marayun Darfur ne. Bincike ya nuna mafi yawansu 'yan Cadi ne masu iyaye. Wannan ƙungiya ba ta coci ba ce. Amma a Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, 'yan Baftis goma daga Amurka ne aka tare a kan iyaka da yara 33, su ma yawancinsu da iyayensu a raye. Uwar da aka ce mata za a kai ɗanta karatu, riƙo take ji, alhali takardar da ta dangwala wa yatsa cewa take yi ta sallama shi har abada.

Abin mamaki shi ne Littafi Mai Tsarki da ake kafa hujja da shi bai goyi bayan wannan yankewa ba. Wasiƙar Yaƙub ta ambaci marayu da gwauraye a numfashi guda, cewa a kula da su cikin wahalarsu. Ta yaya za a ɗauke ɗaya a bar ɗaya tana kallon hanya? Esta marainiya ce, kuma Mordekai ɗan'uwanta ne ya riƙe ta. Musa ya girma a gidan Fir'auna, amma uwarsa ce ta shayar da shi, da ya yi hankali kuwa wurin danginsa ya nufa. Kiristocin Hausawa na jihar Maradi, waɗanda majami'unsu suka samo tushe daga aikin mishan na SIM a Tsibiri tun shekarun 1920, ba baƙin wannan karatu ba ne. Da Hausa suke yinsa, kuma riƙon zumunci suke yi kamar maƙwabtansu Musulmi.

Sai kuma zaman da ke biyo bayan saukar jirgi, wanda ba a cika sa hotonsa a allon majami'a ba. Yaro ɗan shekara huɗu, kafin shekara ta zagayo harshensa ya ɓace. An sauya masa suna, ana kuma maimaita masa cewa an cece shi, sai godiya ta zama bashin da ba ya biyuwa, har ya ji kunyar tambayar wace ce ta haife shi. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989 ta ce a kula da ɗorewar harshen yaro da addininsa da al'adarsa, ta kuma ambaci kafala ta Musulunci da sunanta. Kundin Afirka na 1990 ya ce fitar da yaro waje ita ce dabarar ƙarshe. Habasha, bayan ta ba da dubban yara, ta rufe ƙofar a 2018. Iyalin da suka riga suka ɗauka, mafi ƙarancin abin da ke wuyansu shi ne su bar wa yaro sunansa na yanka, su adana sunan ƙauyensu, su kai shi ya ga kakarsa tun tana da rai.

Nijar ta shiga yarjejeniyar Lahaye ta 1993 a shekara ta 2021, amma yarjejeniya ba ta kāre yaron da ba a rubuta shi a ko'ina ba. Daraktan makarantar da ke karɓar 'yan aji ɗaya a Isawan ko Urafan shi ne ke fara gane wanda ba shi da takardar haihuwa, shi ne kuma ke iya tara sunayensu ya kai ma'aikatar magajin gari, kowane da sunan uwarsa da na ubansa.