Majiya: An Yi Jinyar Ƙuna, Saura Ta Zuciya

Ranar 15 ga Oktoba, 2024 da dare, tankar mai ta faɗi a garin Majiya na ƙaramar hukumar Taura, jama'a suka taru kwasar fetur, wuta ta tashi ta ci rayuka sama da 150. An yi jana'iza, an kwashi masu ƙuna zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da Kano, gwamnati da masu hannu da shuni kuma suka kai gudummawa. Allah Ya saka musu da alheri. To amma akwai wata jinya da ba mu saba lissafawa ba, ita ce ta wanda ya tsira jikinsa lafiya lau, amma ya ga abin da ido bai kamata ya gani ba.

Na san wani magidanci da ya rasa ƙanensa a wannan dare. Bayan wata uku ya daina barci, ƙarar babur kaɗai kan sa shi zabura, mutumin da aka sani da fara'a ya koma yi wa iyali tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Matarsa ta ɗauka ya daina sonta ne, ta yi yaji har sau biyu. Dangi suka ce sammu ne, abokai suka ce ya yi haƙuri, ai shi namiji ne. Babu wanda ya ce masa abin nan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana warkewa. Ni ma ban faɗa ba, don a lokacin ban sani ba.

Matsalarmu ita ce, a wurinmu mutum ko dai lafiyayye ne ko mahaukaci, babu tsakiya. Da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai hankali ya tafi Kazaure ko Dawanau, sai kuma tsoron kada a ce gidan wane akwai taɓin hankali, 'ya'yansa mata su rasa manema. Alhali mafi yawan masu fama da damuwa suna tare da mu a sakatariya da kasuwa da sahun masallaci. Ciwon nasu kan ɓulla ne ta hanyar fushi da rashin barci da ciwon kai mara dalili, daga nan kuma ya faɗa wa aure. Sakin da alƙalai ke yankewa a Dutse da Kiyawa da Jahun, wa ya taɓa tambaya nawa ne a ciki asalinsu ciwo ne ba ƙiyayya ba?

Wani zai ce addu'a ta wadatar. Ba na jayayya da addu'a, amma wanda ya karye a ƙafa yana addu'a, yana kuma zuwa wurin maɗori.

Wani kuma zai ce ina likitocin? Gaskiya ne, sun yi ƙaranci matuƙa, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta haifo su dare ɗaya ba. Sai dai ba kowace damuwa ce ke bukatar babban likita ba. A ƙasar Zimbabuwe, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya fara wani shiri a 2006 a birnin Harare, inda aka horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, su saurari mai damuwa, su taimaka masa ya warware matsalolinsa ɗaya bayan ɗaya a cikin zama shida. Wanda abin nasa ya yi tsanani sai su miƙa shi ga likita. Binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna shirin na aiki.

Shin mu ba mu da irin waɗannan dattawa? Muna da ungozomomi da malaman Islamiyya da limamai da 'yan Hisba da ke sasanta ma'aurata kullum. Abin da suka rasa shi ne horo, musamman na gane lokacin da nasiha ba za ta isa ba, da kuma riƙe sirri, wanda shi ne babban rauninmu. Ina kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa ta haɗa kai da likitocin asibitin Rasheed Shekoni da na Birnin Kudu a gwada wannan, a kuma fara daga Taura.

Shi dai magidancin nan matarsa ta koma, amma har yau ba ya bin hanyar Majiya idan rana ta faɗi.