Baƙin Ciki Ma Daga Jiki Yake

Tun da na fara koyon Hausa na lura cewa Bahaushe a ciki yake ajiye murna da damuwa, shi ya sa yake cewa farin ciki da baƙin ciki. A ganina akwai hikima a nan. A unguwarmu ta Kurudu, idan maijego ta yawaita kuka kuma ta ƙi abinci, sai a ce iska ce. Alhali bayan haihuwa sinadaran jiki irin su estirojin suna raguwa kwatsam. Ciwon maƙoƙo da ƙarancin jini su ma kan jawo kasala da ƙunci. 'Yan'uwana ɗalibai, addu'a ba ta hana neman magani. A kai ta Babban Asibitin Karu, likita ya duba ta, a gwada jininta. Allah Ya sa mu dace.