Zauren 'Yan Mata: Mai Son Tuƙa Jirgi Daga Faskari

 A wannan watan na yi niyyar mu ci gaba da maganar lefe, sai ga wata wasiƙa daga Faskari ta hana ni sukuni, don haka lefe ya ɗan jira mu tukuna.

Ƙanwar tawa, wadda zan sakaya sunanta kamar yadda ta roƙa, shekararta 18. Ta gama sakandare, kuma Allah Ya ba ta kiredit a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji a zama ɗaya. Mahaifinta manomin masara ne, gonarsa ta bakin daji ya daina zuwa saboda 'yan bindiga. Ya ce mata ta zaɓi ɗaya: ko ta nemi makarantar ungozoma ta Malumfashi, ko ta fitar da miji bayan Sallah. Ita kuwa ta kafe, wai tun tana aji uku burinta ta zama matuƙiyar jirgin sama, in ba shi ba gara ta zauna. Ta rufe wasiƙar da cewa, "Anti, ai ke ce kika rubuta a littafinki cewa mai buri ba ya ja da baya."

Wallahi wannan jimlar ita ta fi tsaya mini a rai. Eh, ni na rubuta. Mu marubuta muna da laifinmu, kuma gara in faɗa da bakina. Ku duba littattafanmu, tauraruwar labari in ba likita ba ce to barista ce, tana saukowa daga bene da makullin mota a hannu, tana ƙamshin turare. Ba ma nuna daren da ta kwana tana kuka a kan littafin Kemistiri, ba ma faɗin wanda ya sayar da gona ya biya mata. A shafi ɗaya take shiga jami'a, a shafi na gaba ta fito da farar riga. Alƙalami ba ya biyan kuɗin makaranta, shi ya sa yake da kyauta.

Ni kaina a Ƙanƙara na tashi, kuma tun ina 'yar ƙarama kowa a gidanmu "Dakta" yake ce mini. Sau uku ina zana jarrabawa Kemistiri yana kayar da ni, don makarantar da na yi ɗakin gwaje-gwajenta sai ƙura da kujeru. Kowane zama sai Baba ya fitar da buhun masara an kai kasuwa. A karo na biyu yayata ta ce, "Ki karɓi fom ɗin kwalejin malamai ta Dutsin-ma mana, ki riƙa yi kafin Allah Ya kawo." Na yi mata tsaki, na ce ni na fi ƙarfin alli. Ina cikin wannan jira aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta garinmu a daren 11 ga Disamba, 2020. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, iyaye kuma hankalinsu ya bar kan boko gaba ɗaya. Daga ranar Baba bai sake ta da maganar karatuna ba, ni ma kunya ta hana ni. Ƙawata ta Sabuwa da muka gama tare, wadda na yi wa dariya don ta tafi koyon malanta, yau ita ke ɗaukar albashi tana yi wa mahaifiyarta cefane. Ni rubutu ya rufa mini asiri, alhamdu lillahi, amma har gobe in na ga fom gabana sai ya faɗi.

To ƙanwata, ba zan ce miki mace ba ta tuƙa jirgi ba, don ƙarya ne. Ga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama nan a Zariya, tun 1964 take, daga Funtuwa ba wata tafiya ba ce. A nan Chinyere Kalu ta shiga a 1978, ta zama mace ta farko a Nijeriya da ta samu lasisin tuƙa jirgin fasinja, har ta dawo ta shugabanci makarantar a 2011. Kuma darussan da ake nema kina da su. Ba kanki ne ya gaza ba.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kuɗin wannan karatu miliyoyin naira ne, ko Babanki ya haɗa gonar da shanun huɗa ya sayar ba za su kai ki rabi ba. Sannan akwai gwajin lafiya mai tsanani, ido da kunne da zuciya, wanda ba ruwansa da ƙoƙarinki a aji. Abin da ya fi ba ni tsoro kuma shi ne bayan an gama. Lasisi kaɗai ba ya sa kamfani ya miƙa miki jirgi, sai kin tara awoyin tashi, sai kin sake wani horon na musamman a kan irin jirgin da za ki tuƙa, shi ma da kuɗinsa mai nauyi. A mulkin Kwankwaso na biyu gwamnatin Kano ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi, an biya musu komai, amma da yawansu da suka dawo sun daɗe a gida suna jiran aiki. Waɗannan fa masu gwamnati a bayansu ke nan.

Yanzu ki juyo ki dubi abin da kike rainawa. Kiredit biyar ɗin nan da kike wasa da su, su ne na nema shekara uku ban samu ba, kuma su ne mabuɗin makarantar ungozoma. Malumfashi kusa ce, Babanki zai iya zuwa ya gan ki ya kwana gida, shi ya sa ya yarda. Ki tuna matan ƙauyukanmu, daga Faskari har Sabuwa, da naƙuda ke kamawa cikin dare ga hanya ba ta biyuwa. A 2021 da aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu, ko kiran mai mota ba a iya yi, sai dai wadda ke kusa ta karɓi haihuwar. Kuma kin san mazan garinmu, da yawa ba sa yarda namiji ya duba matansu. A irin wannan wuri ungozoma mai takarda ba ƙaramar mace ba ce, kin ji ko.

Ni dai shawarata, ki karɓi fom ɗin. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Kada ki ce wa Baba kin haƙura da jirgi, kuma kada ki yi masa gardama a kai, ki ce kin zaɓi karatu kawai. Macen da ke da albashinta ita ke iya bin sanarwar tallafin karatu, ta biya kuɗin mota zuwa Zariya ta tambayo da bakinta ba tare da ta roƙi kowa ba. Wadda ta zauna a ɗaki tana fushi kuwa, ranar ɗaurin aure kawai za a sanar da ita. Na sani abin da zafi, kuma ba zan yi miki alkawarin za ki tashi sama ba, don na riga na yi wa wasu irin wannan alkawari a littafi.

Ki nemi wata babba a danginku wadda Baba ke jin maganarta, Gwaggo ko Inna, ku je tare ku sanar da shi tun kafin azumi ya kama, kada masu neman aure su riga ki. Ki tambayi ƙa'idojin shiga na bana a makarantar da kanki, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta. In kin yi, ki sake rubuto mini, ina nan ina sauraro.

Maganar lefe kuma sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mai tambaya daga Sabuwa a kan yawan akwatuna, wasiƙarki ta iso.