Waiwaye: Jar fitilar da muka cire wa waya

Shekara guda na yi ina yi wa kawuna yaron mota kafin in koma makaranta. Motar tsohuwar Hilux ce mai shan dizal, da ita muke jigilar albasa daga Galmi zuwa Birnin Ƙonni, wani lokaci mu karkata a Tsarnawa mu hau hanyar Tawa zuwa kasuwar Badagishiri. A watan Afrilu abin ya faru, ana tsakiyar cirar albasa, rana tana dukan kwalta kamar da gayya.

Jar fitilar mai ce ta fara ƙyaftawa. Da safe ba ta kamawa, sai inji ya yi zafi, mun tsaya yana aiki a hankali. Kawu na taka totur sai ta mutu. Ya zaro tsinken awon mai ya nuna mini: "Ka gani, ɗana? Har ya wuce layi." Wani bakanike na bakin hanya ya ce makunnin fitilar ne ya lalace, ya zare wayar, ya karɓi dala ɗari. Muka yi masa godiya.

Kwana tara muka samu. Mun baro Malbaza da lodi, kamfanin siminti yana bayanmu, sai wani ƙwas-ƙwas ya taso daga ƙasan inji, yana ƙaruwa in an taka. Kawu ya ce bari mu lallaɓa zuwa Ƙonni. Ko Tsarnawa ba mu kai ba inji ya ƙame.

Dattijon da ya buɗe shi a Ƙonni bai fara da sifana ba. Yatsa ya tsoma a man, ya murza, ya shinshina, ya miƙa wa Kawu. "Alhaji, me ka ji?" Warin dizal ne. Nozul ɗaya ce take ɗiga, dizal yana silalewa ta gefen fistin yana gangarawa cikin baƙin mai, ya tsinka shi ya zama ruwa-ruwa. Ashe cikar da muke murna da ita, ita ce cutar. Da ya kwance kwanon ƙasa, rariyar da famfo ke zuƙar mai ta cikinta rabinta a toshe take da dauɗa da guntayen gam ɗin da wani ya lafta a gyaran baya. Ya karkata kwanon ga rana, garin ƙarfe yana ƙyalli a cikin man kamar an barbaɗa kwalli.

A nan ya yi mini karatun da har yau ban manta ba. Kiranshaf, in ji shi, ba ya taɓa metal ɗin da yake juyawa a kansu. A kan mai yake yawo, mai ɗan siriri da bai kai kaurin gashi ba, kuma famfo ne ke tura shi da ƙarfi ya riƙe wannan tsakanin. Tsinke yawan mai kawai ya sani, fitila kuwa ƙarfin turawar take tsaro. In mai ya tsinke, ko rariya ta toshe, ko metal sun ci sun yi faɗi, ƙarfin sai ya faɗi, kuma lokacin da inji ya yi zafi yana juyawa a hankali ake fara ganinsa. Daidai abin da motarmu ta yi ta faɗa mana ke nan.

Ba na ɗora wa bakaniken farko laifin duka, don makunnin nan yakan lalace da gaske, kuma mu ma amsar da ta fi araha muke nema. Inda ya kuskure shi ne ya yanke hukunci ba awo. Dattijon ya ciro wani agogon awo mai tiyo daga akwatinsa, ya ce da an kwance makunnin an ɗaura wannan a gurbinsa, minti 10 sun isa a san mai gaskiya tsakanin fitila da tsinke. Ya kuma tsine wa dabarar da direbobi ke yi ta zuba mai mai kauri don fitila ta yi shiru. Ciwon yana nan, bakinsa aka rufe.

Sai da aka kai kiranshaf Sakkwato aka gyara, ta iyakar Illela, ta Najeriya nake nufi, ba tamu ta jihar Tawa ba. Mako 5 motar tana kan duwatsu. Kafin ta tashi kakar albasa ta wuce, Kawu kuma ya sayar da bijimai 2.

Direbobinmu na hanyar Galmi da Ƙonni, in jar fitilar nan ta kama, ku sauka gefe ku kashe inji nan take, ko da tsinke ya nuna a cike. Ku shinshina man. Wanda kuma ya miƙa hannu zai zare waya, ku ce ya fara kawo agogon awo.