Zaman Gida: Wa Zai Cika Wa Tsoho Ƙwarya?

Ma'aikacin gwamnati ya san ranar da zai bar aiki. Tana rubuce a takardarsa tun ranar da aka ɗauke shi. In ta zo, sai abokan aiki su taru a biro, a yi jawabi, a ba shi kyautar darduma ko agogon bango, ya koma gida. Wannan shi ake kira ritaya. Manomi ba shi da irin wannan rana. Gwiwa da baya su ke sallamarsa. Wata damina sai ya ga aikin da yake gamawa kafin hantsi ya kai shi azahar. Makiyayi ma haka, akwai shekarar da garke zai yi arewa a bar shi a ruga. Su ukun nan tambaya guda ke jiransu: daga yau wa zai cika masu ƙwarya?

A fara da mai albashi, tunda shi ake yi wa kallon mai sa'a. A Nijar ma'aikatan kamfani suna zuba kuɗi a asusun CNSS, wanda aka kafa a 1965. Ma'aikatan gwamnati kuwa nasu asusun daban ne, ana ce da shi CARENI. Abin da ake ba mutum bayan ya bar aiki shi ne fansho, kuma ba ya kai albashi. Shekaru da yawa sai bayan wata 3 ake biya, kafin kuɗin ya zo mai kanti ya riga ya cinye rabinsa a littafin bashi. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada, tsofaffin ma'aikata suka ji a jikinsu. Ga shi kuma baƙin ƙauye ba su san an yi ritaya ba. Tsohon mushe da ya zauna a Maraɗi, gidansa har yanzu masauki ne ga mai jinya da ɗan lakwal da mai neman aiki.

Akwai abu guda da ya kamata matan ma'aikata su sani. In mai fansho ya rasu, matarsa tana da rabo a ciki, haka ma ƴaƴa ƙanana. Amma sai da takarda. Ana tambayar takardar aure da takardun haihuwa na yara. Auren da aka ɗaura a zaure, ba a rubuta shi wurin hukuma ba, yakan sa mace ta yi ta zirga-zirga tana cikin takaba. A nemi takardun nan tun mai gida yana da rai, a adana su inda gara ba ta kaiwa.

To, amma masu fansho ba su da yawa. Mafi yawan tsofaffin Tibiri da Jiratawa da ƙauyukan gulbi, fanshonsu gandu ne.

Yara na yanzu ba su san yadda gandu yake a da ba. Mai gida da ƴaƴansa da ƙannensa suna noma babbar gona tare. Sauran kwanakin mako kowa ya je gamanarsa, mace ma tana da tata. In kaka ta yi, a ɗaure damman gandu a zuba a babban rumbu. A gidaje da yawa sai a rufe shi, ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, don a sami abin ci lokacin noma. Da rani ana ci daga gamana da sana'a. In mai gida ya tsufa sai ya miƙa wa babban ɗansa hauya, amma ba ya miƙa masa bakin rumbu. Shi ke cewa a buɗe, shi ke cewa a auna tiya kaza. Saboda haka ba wanda ke mantawa da ƙwaryarsa.

Yau gona ta yi kaɗan. A ƙidayar 2012 jahar Maraɗi ta haura mutum miliyan 3, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, an raba ta gado sau biyu, yanzu jikoki goma ke kallonta. Samari sun fita nema. Wasu Kano, wasu Legas, wasu Agadas da Libiya, wasu suka bi zinariyar Jado da ta ɓulla a 2014. Mai kirki yana aiko da kuɗi. Ba a nan kaɗai ake haka ba. Alhazai sun sha ganin mutanen ƙasar Filifin suna aikin jinya a asibitocin Saudiyya. Miliyoyinsu ne a ƙasashen waje, suna aika wa iyayensu kuɗin shinkafa da magani, har abin da suke aikawa ya wuce dalar Amurka biliyan 30 a shekara. Sai dai kuɗin aike ba ya dama fura. Dole a sami hannun da zai dama a gida.

Babban haɗari yana nan wajen rabon gona. Tsoho ya gaji, yara sun dame shi, kowa na cewa, "Baba, a yanka mini nawa in san abin da nake ciki." Sai ya raba duka, bai bar wa kansa ko taki ɗaya ba. Shekara ta zagayo, wani ɗan ya jinginar da nasa don kuɗin aure. Wani ya sayar wa alhajin birni, don gonakin da ke bakin Maraɗi yanzu filin gini ake kallonsu. Kuɗin ya tafi a babur da biki. Tsoho kuwa ya koma jiran kwano, yau daga ɗakin wannan suruka, gobe daga na waccan. Ranar da surukan suka yi faɗa, kowace ta ɗauka ɗayar ce da girki. Kunya ba za ta bar shi ya yi magana ba. In an tambaye shi sai ya ce, "Alhamdu lillahi, na ci."

Dattijon da ya bar wa kansa yanki bai yi rowa ba. Ya ce wannan gona tawa ce har in mutu, wanda ya noma ta a raba amfanin da ni. Ya faɗa gaban mai gari da liman. Tun 1993 akwai dokar karkara a Nijar, ita ta kawo kwamitin ƙasa da ake kira Kofo, har a ƙauyuka. Nan ake rubuta kyauta da aro da jingina da sayarwa. Wasu na ganin kai zancen uba da ɗa gaban kwamiti abin kunya ne. Rigimar gado gaban alƙali ta fi shi kunya, kuma ita sai da kuɗin mota.

Itace ma ajiya ce. Tun wajen 1984, shekarar yunwar da mutanen Maraɗi ke kira El Buhari, manoma suka fara sassaben zamani. Ba a tumɓuke kututture, ana barin reshe biyu ko uku su tashi. Waɗanda suka yi haka suna samari, yau su ne masu gawo da kalgo da aduwa a gona. Tsoho ba ya iya noma, amma yana iya sa jika ya sassabe reshe a kai kasuwa.

Sai zancen abin da ke cikin ƙwaryar. Haƙori ya zube, ciki ya ƙanƙance, tuwon dare mai tauri ba ya wucewa. Tsoho yana son abu mai laushi, kaɗan-kaɗan, sau da yawa: koko da safe, fura da nono da rana, tuwo mai taushi da miyar kuka, wake da ya dahu ligif. Mutanen Jiratawa Allah ya ba su. Tun da aka gyara fadamarsu ta noman rani a farkon shekarun 1980, zogale ba ya yankewa, har buhu-buhu ake kai shi Maraɗi. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ba abincin talauci ba ne, yana gina jiki. Tsohon ma'aikaci shi kuma matsalarsa daban. Ya saba da shinkafa da mai da burodi da shayi mai sukari, ga shi ya daina tafiya. Hawan jini da ciwon sukari nan suke samun ƙofa. A rage gishiri da magi a miyarsa, a riƙa kai shi likita ana auna jini, ko da bai ce wani abu na damunsa ba.

Ciyayya ma tana da amfani da ba a lura da shi. In maza sun fito da kwanoni ƙofar gida bayan magariba, wanda ba a kawo nasa ba yana ci, ba wanda ya sani. Inda aka daina ciyayya, kowa ya shige ɗaki da kwanonsa, nan tsoho ke kwana da yunwa maƙwabci bai ji ba.

Tsohuwa ta fi shiga wuya. Sau da yawa ba ta da gona, gamanar da take nomawa ta miji ce, ta shiga gado. Abin da aka ba ta kuma jikoki ke cinyewa, don ba ta iya ci yaro na kallo. Abin da ke rufa mata asiri jar akuya ce. Akuyar Maraɗi tana yawan haihuwar tagwaye, tana ba da nono, ba ta da wuyar kiwo. Ga kuma asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jahar nan a 1991, inda mata ke zubi duk mako suna ranta wa junansu. Ɗan da ke can nesa, in zai yi wa uwarsa aike bayan kaka, ya haɗa da kuɗin akuya. A gaya wa mutanen gida cewa akuyar nan ta Inna ce, ba ta gida ba ce, kada a kama ta ranar suna.

Makiyaya sun san wannan tun da. Bafulatani yana raba wa ƴaƴansa shanu tun suna ƙanana, amma mai hankali yana barin saniyar tatsa a kusa da shi. Wanda fari ya ƙarar masa da garke, ƴan uwa kan ba shi habbanaye, ya riƙe ƴan maruƙa ya mai da uwar.

Ga kaka ta matso. Kafin a kai gero kasuwar Litinin ko ta Juma'a, kafin a fara zancen bukukuwa, a ƙidaya damman tsoho da na tsohuwa a ware su gefe guda. A lissafa har da watannin bazara da na farkon damina, lokacin da tiya ke tsada.