Wanda ya faɗi ba a yanka shi: maganarmu da masu gidajen gem



Duk wanda ya taɓa wucewa ta ƙofar gidan gem a unguwarmu bayan an tashi daga makaranta ya san wannan ihun. Yara sun cika ɗaki, biyu na zaune da abin dannawa a hannu, sauran na tsaye a bayansu suna zuga. An gama faɗa a allon talabijin, ɗaya ya ci, wanda aka doke yana tsaye yana tangaɗi kamar wanda ya sha ya bugu. Sai wata murya mai kauri ta ce "Finish him", wato ƙarasa shi. Yaron da ya ci ya danna maɓallai cikin sauri, allon ya yi duhu, sai ga mutum an tsaga shi gida biyu, kayan ciki a waje. Ɗakin ya ɓarke da shewa. A makon jiya mun tsaya mun kalli wannan da idonmu, kuma yaron da ya danna ɗin bai wuce shekara tara ba, da rigar makaranta a jikinsa. Mai shagon yana gefe yana ƙirga canji.

Sunan wasan Mortal Kombat, sunan wannan ƙarasawar kuma Fatality. A kanta muke son yin magana, don yawancin iyayenmu ba su san da ita ba, masu shagunan kuwa sun sani sarai.

Kamfanin Midway na birnin Chikago a Amurka ne ya fitar da wasan a 1992, ƙarƙashin jagorancin Ed Boon da John Tobias. Kafin shi akwai Street Fighter II na kamfanin Capcom na Japan, wanda ya fito a 1991, inda idan ka jera wa abokin karawa duka yakan jigata ya tsaya na ɗan lokaci ba ya iya kare kansa. Masu Mortal Kombat suka ɗauki wannan jigatar suka kai ta ƙarshen faɗa, suka ba wanda ya ci 'yan daƙiƙu ya yi abin da ya ga dama da wanda ya kayar. Daga nan aka samu hotunan da har yau manyan da suka buga wasan suna yara ba su manta ba. Sub-Zero yana fizge kan mutum har da ƙashin bayansa yana lilo. Scorpion yana cire abin rufe fuska, ƙoƙon kai ya bayyana, ya hura wuta ya babbake abokin karawarsa ƙurmus. Kano (sunan wani ɗan daba ne mai jan idon ƙarfe a cikin wasan, babu abin da ya haɗa shi da birnin Dabo) yana cusa hannu a ƙirji ya zaro zuciya tana bugawa. A kashi na biyu na 1993 aka ƙaro Kung Lao mai hula mai kaifi da ke tsaga mutum, Liu Kang kuma ya rikiɗe dodo ya gatse rabin jiki.

A lura da abu ɗaya. Lokacin da muryar nan ta ce a ƙarasa shi, an riga an gama wasa. Wanda ya ci ya ci, ko ya yanka ko bai yanka ba nasarar tasa ce. Gwanintar karewa da kai hari da sanin lokacin tsalle duk ta ƙare kafin wannan lokacin. Abin da ya rage kawai shi ne wulaƙanta wanda ya riga ya faɗi a gaban 'yan kallo, kuma wannan ɓangaren ne yara ke haddace maɓallansa a bayan littafin lissafi, shi suke yi wa tafi.

Mu ba baƙin faɗa ba ne. Mun taso muna kallon dambe, mun san a filin dambe ma akwai abin da ake kira kisa. Amma kisan dambe shi ne ka kai abokin karawarka ƙasa. Da zarar hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, shi ke nan, alƙali ya shiga tsakani, makaɗa su ɗauki kirarin wanda ya yi nasara. Ɗan damben da zai bi wanda ya faɗi ya ƙara masa naushi, 'yan ɓangarensa ma za su ji kunyarsa. Haka a kokawa: ka kayar, ka miƙa hannu ka ɗaga shi. Wannan ladabin da kowane yaro a garuruwanmu ya sani ba tare da an koya masa a aji ba, shi ne ainihin abin da Fatality ta juya baibai. Nan ladan yana hannun wanda ya fi iya cin mutuncin gawa.

Za a ce mana, ai mu ma mun buga. Gaskiya ne, da yawanmu mun buga a kan Sega, wasunmu har yanzu suna tuna maɓallan da ake dannawa jini ya fito. Amma wanda ya ce wasan jiya da na yau ɗaya ne, ya daɗe bai leƙa ba. Na 1992 hotunan 'yan wasan kwaikwayo ne da aka ɗauka aka ƙanƙance su, jinin kuma jajayen ɗigo ne da ba su yi kama da komai ba. Daga fitowar 2011 aka shigo da salon da ke nuna cikin jiki kamar hoton asibiti, ana kallon haƙarƙari na karyewa a hankali, ƙoƙon kai na tsagewa. Mortal Kombat X na 2015 da Mortal Kombat 11 na 2019 sun kai abin inda fata da tsoka da ido suke fita kamar na gaske, da sautin kowane ƙashi. A 2019 kafar labaran wasanni ta Kotaku ta ruwaito labarin wani ma'aikaci da ya yi aikin waɗannan hotunan, wanda ya ce ya riƙa munanan mafarkai har likita ya tabbatar yana fama da ciwon firgici irin na waɗanda suka ga tashin hankali. Babban mutum ke nan da ake biyansa albashi, ya kuma san ƙarya ce don da hannunsa ya zana.

Za a ce kuma, ai Turawa ne suka yi, 'ya'yansu na bugawa. To a Amurkar ma ba a bar abin haka ba. A watan Disamba na 1993 majalisar dattawan ƙasar ta yi zama a kan wasannin, Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka jagoranta, aka nuna hotunan Mortal Kombat a zauren. Sakamakon haka a 1994 kamfanonin da kansu suka kafa hukumar ESRB mai sa wa kowane wasa alamar shekaru. Wasannin Mortal Kombat na yanzu suna ɗauke da harafin M, ma'ana daga shekara 17 zuwa sama. A Turai tsarin PEGI ya buga musu lamba 18. Ostireliya ta ƙi ba fitowar 2011 izinin shiga kasuwa kwata-kwata, sai a 2013 bayan ta ƙirƙiro rukunin manya zalla. Nintendo ma a 1993, da ta kawo wasan kan na'urarta, ta mayar da jinin gumi ta kuma sassauta kisan, duk da cewa hakan ya sa na Sega ya fi nata kasuwa. Wato masu abin sun rubuta a jikin kwali cewa ba na yara ba ne. Matsalarmu a nan ita ce kwalin ba ya zuwa. Ana loda wasanni da yawa a cikin na'ura tun daga kasuwa, babu faifai babu kwali, uba bai taɓa ganin harafin M ba balle ya tambayi ma'anarsa. Mutum ɗaya ne a duk wannan layin ya san abin da ke cikin na'urar, shi ne mai shago.

Kamfanin kuwa ya san abin da yake sayarwa. A Mortal Kombat X an riƙa sayar da damar yin Fatality cikin sauƙi ga wanda ba ya son wahalar haddace maɓallai. A Mortal Kombat 1 na 2023 an fitar da sabon salon kisa guda ɗaya aka sa masa kuɗi kusan dala 10, har masu wasan da kansu suka yi ca a kan kamfanin.

Sai dai akwai gyara ga namu ɓangaren ma. A cikinmu akwai masu cewa gem ne ya kawo daba da ƙwacen waya, a rufe shagunan gaba ɗaya a huta. Wannan ba mu tare da shi. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce babu isasshiyar hujjar da ke danganta irin waɗannan wasannin da aikata ta'asa ta zahiri, ko da yake ta tsaya a kan cewa suna da ɗan tasiri wajen ƙara zafin rai da tsiwa. Miliyoyin mutane sun buga Mortal Kombat ba su taɓa zare wa kowa wuƙa ba. Idan muka ƙara gishiri, matasa za su yi mana dariya, su watsar har da gaskiyar da ke cikin maganar. Ba ma buƙatar hujjar cewa yaron zai zama makashi kafin mu ce ɗan shekara tara bai kamata ya kalli ana zaro hanjin mutum yana tafi ba. Ba mu nemi binciken jami'a ba kafin mu hana shi kallon wasu fina-finan.

Masu shagunan nan ƙannenmu ne da 'ya'yanmu, sana'a suke yi ta halal, ga kuɗin haya ga man janareta. Gara yaro ya zauna a wurinsu a kan ya yi yawon tasha. Shi ya sa abin da muke nema bai kai ya taɓa cinikinsu ba. Ƙwallo ce ta fi kawo musu kuɗi, kowa ya sani, kuma babu wanda ya ce a taɓa ta. Mai son faɗa ga Tekken, ga Street Fighter, duka biyun harafin T suke ɗauke da shi na 'yan shekara 13 zuwa sama, ana naushi ana harbi da ƙafa, wanda ya faɗi ya faɗi a tashi sabon zagaye. Mortal Kombat kuwa a bar shi ga manya: a ware masa na'ura ɗaya da allonta ba ya kallon ƙofa, ko a ajiye shi sai bayan ƙananan yara sun koma gida. Yaron da ya zo da rigar firamare ya ce a sa masa, a ce masa a'a, kamar yadda mai kemis na ƙwarai ke cewa a'a.

Iyaye kuma mu daina miƙa kuɗin gem daga kan tabarma. Mu taka da ƙafarmu sau ɗaya mu ce a nuna mana jerin wasannin da ke cikin na'urar. Mu duba wayoyin da ke hannun yaran ma, don akwai Mortal Kombat na waya tun 2015, kuma saukar da shi kyauta ne. Shagon da ya yarda da wannan tsari za mu faɗi sunansa a wannan shafi don iyaye su sani. Wanda ya ce shi ba ruwansa, kuɗi kawai ya sani, to akwai wani shagon a layin gaba, can 'ya'yanmu za su kai canjinsu.