Filin Direbobi: Jar Fitilar Baƙin Mai Ba Ta Auna Yawan Mai

Wani direba mai ɗaukar fasinja daga Jama'are zuwa Azare, wani lokaci har Kano ta hanyar Kiyawa da Wudil, ya aiko da tambaya game da motarsa ƙirar Peugeot 504. Ya ce kullum da safe yakan tarar da ɗigon baƙin mai a inda ta kwana, sa'an nan in inji ya yi zafi ya tsaya lodi, sai jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa, da ya taɓa totur kuwa sai ta mutu. Ya ce an ba shi shawara a sauke inji, shi kuwa da wannan mota yake ci da iyalinsa.

To, malam direba, kada ka yarda a sauke injin nan tukuna. Cuta biyu ka kawo mana, kuma ba lalle ba ne uwarsu ɗaya. Yoyo daban, raunin ƙarfin mai daban. Direbobi da yawa sun ɗauka fitilar nan tana faɗin yawan man da ke cikin inji, alhali kuwa abin da take aunawa shi ne ƙarfin da famfo yake tura man da shi zuwa wuraren da ƙarfe ke gugar ƙarfe. Yawan mai aikin geji ne, watau sandar nan da ake zarowa a duba. Mota tana iya yoyo shekara guda fitila ba ta kama ba muddin ana ƙara mata mai, tana kuma iya zama cike da mai, ba ɗigo ko ɗaya, amma inji ya buga a kan hanya.

Mu fara da yoyo, don shi ya fi sauƙi. An fara haɗa Peugeot a Kaduna cikin 1975, aka ci gaba da fitar da 504 har 2006, saboda haka ko autarsu ta doshi shekara 20, robobin da ke tare mai kuwa zafi yana busar da su. Kada ka nemi yoyo a jikin inji mai dauɗa. A wanke shi da kananzir, ya bushe, a barbaɗa masa hoda, a tashe shi ya yi aiki kaɗan, a shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Mai daga sama yake gangarowa, iska kuma tana kora shi baya in ana tafiya, don haka inda ya ɗiga ba nan ne ya fito ba. A bi sawunsa har wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Sau da yawa za a tarar gasket ɗin murfin saman inji ne, ko robar filta, ko wasar noton da ake kwancewa wajen juye, ko ma shi kansa ɗan makunnin da ke kunna jar fitilar. Duk waɗannan aikin awa guda ne. Wanda ke da wahala shi ne sil na bayan kuranshaf, wanda ke ɗigowa tsakanin inji da giyabos, yana iya jiƙa kuloci, sai an raba su kafin a kai gare shi.

Akwai wani abu da makanikai kan manta. Kowane inji yana da bututun numfashi wanda ke fitar da hayaƙin da ya sulale ta gefen fistin ya taru a ƙasa. Ƙurar hunturu irin ta ƙasar Katagum, in ta gamu da mai, takan zama kwaɓaɓɓe ta toshe shi, hayaƙin ya rasa mafita, sai ya riƙa turo mai ta kowane sil. Wannan ne ya sa za ka ga an sa sabon sil yau, bayan mako biyu ya koma yoyo, a ce jabu ne, alhali laifin yana wani wuri. In kuwa mai yana raguwa ba a ga ɗigo ba, a dubi salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce injin ne ke ƙona man.

Yanzu ga babbar magana. Fitilar da ke ƙyaftawa in inji ya yi zafi yana sulo tana da dalilai da dama, kuma a bi su daga mai araha zuwa mai tsada. A fara zaro geji a kan wuri mai daidai, inji a kashe. A murza man a yatsa, a shinshina. In ya tsinke kamar ruwa yana warin fetur, ko an ga yana ƙaruwa da kansa, to fetur ke sauka cikinsa, ko dai kafireto yana ambaliya, ko fatar famfon fetur ta yage, abin da ke faruwa da motoci irin taka masu famfo a jikin inji. A watan Afrilu zafin Azare yakan wuce digiri 40, mai kuwa yana tsinkewa da zafi, shi ya sa 20W-50 ya fi dacewa da tsohon inji a nan. Man kwalba na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, ni dai ban ga arahar da ke cikinsa ba, tun da injin duka wajen lita 4 yake sha.

In mai lafiyarsa lau, sai a kwance makunnin fitilar, a ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbinsa, a auna bayan inji ya yi zafi sosai, ba da sanyin safiya ba. Ƙa'idar da makanikai suka daɗe suna bi ita ce a sami wajen ba 0.7 a kan kowane juyi 1,000 na inji a minti. Fitilar kuwa a yawancin motoci ba ta kamawa sai ƙarfin ya faɗo kusa da rabin ba, watau in ta kama da gaske, abu ya riga ya yi nisa. In agogo ya nuna ƙarfi daidai, makunni ne ya lalace, a saya wani, magana ta ƙare. Garejin da ba shi da wannan agogo ba shi da hujjar cewa a sauke inji.

In agogo ya nuna rauni, har yanzu da sauran mataki: a kwance kwanon mai na ƙasa. Famfo yana zuƙo mai ta wata 'yar raga, wadda dauɗar tsohon mai ke toshewa, haka nan gam ɗin da wasu ke lafta wa gasket ba awo, ya guntule ya faɗa ciki. Masu shiga ƙauyukan Itas da Gadau da Zaki da damina su lura, in kwano ya daki tudu ya lotsa, yakan matse bakin ragar. A duba kuma ɗan bawul mai sifirin da ke daidaita ƙarfin mai, kada ya maƙale a buɗe. Sai duk an wanke waɗannan daga zargi sa'an nan a ce metal ya cinye, a auna kuranshaf a ga ko yana bukatar gyara.

Abin da ba mu yarda da shi ba sam shi ne cire wayar fitilar don kada ta tsorata fasinja, ko zuba man giya mai kauri don a rufe mata baki. Kafin a yi awon nan, in fitilar ta kama ta tsaya kana cikin gudu, ko ka ji ƙwanƙwasa daga ƙasan inji, ka sauka gefen titi ka kashe nan take, ko da kana hango Azare, a nemo igiya a ja motar.